Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bahar Maliya Kan Tashar Jiragen Ruwa Ta Sawakin

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, magana ce a kan Sawakin, kuma ba zan ɓata maka lokaci da tarihin da ka fi ni sani ba.

Ka san cewa wannan tsibiri shi ne babbar ƙofar Sudan ta teku tun zamanin Daular Usmaniyya, har zuwa lokacin da Turawan Ingila suka buɗe Fot Sudan a 1909 saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci. Daga nan fatake suka kwashe, gidajen da aka gina da dutsen murjani suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mu Hausawan ƙasar nan muna da namu rabon a wannan tarihi, domin ta nan kakanninmu da suka taso daga Kano da Sakkwato da Damagaram da ƙafa, suna yada zango suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, suka shiga jirgi zuwa Jidda. Da yawansu ba su koma gida ba, shi ya sa muke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne alkawuran da aka shara a bakin wannan ruwa. A watan Disamba na 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya zo da kansa, shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, ya amince a damƙa wa Turkiyya tsibirin ta farfaɗo da shi. A watan Maris na 2018 kuma aka sanar da yarjejeniya da Katar ta dala biliyan 4 domin bunƙasa tashar. Dala biliyan 4, ranka ya daɗe! A yi adalci, Turkawa sun gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da tsohon ginin kwastan, kuma duk mai ido ya gani. Amma ina sauran? Gwamnatin al-Bashir ta faɗi a 2019, sai maganar ta bi ruwa, ba a ce an soke ba, ba a ce ana nan a kai ba, kamar dai mutanen garin ba su cancanci ko da bayani ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya shaida. A watan Mayu na 2022 gobara ta cinye kayan jama'a a tashar. Ba a yi wata guda ba, a watan Yuni, jirgin Badr 1 ya nutse yana fitowa da tumaki sama da 15,000, alhali an ce ƙarfinsa bai wuce 9,000 ba. Ba guguwa ce ta kifar da shi a tsakiyar teku ba, a gaban idon ma'aikata aka yi lodin, a gabansu ya karkata. Wa ya sa hannu ya tashi? Idan haka ake lodin dabbobi, da wace zuciya mutum zai raka mahaifiyarsa ta hau jirgin Umara daga tashar Usman Digna, wato tashar fasinjoji ta Sawakin?

Na san za a ce tashar tana ƙarƙashin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, kuma tun Afrilun 2023 yaƙi ya lanƙwame baitulmali. Gaskiya ne. Sai dai wannan yaƙin ne ya mayar da gaɓar nan numfashin ƙasar baki ɗaya, don haka uzurin ya zama hujja a kanku. Ba mu nemi otal-otal na alfarma ba. Muna roƙo, don girman Allah, a yashe mashigar, a sa ido na gaskiya a kan lodi, a tanadi kayan kashe gobara masu aiki, a kuma yi wa masunta da masu ƙananan jirage matsaya mai kyau inda za su ɗaure kwale-kwalensu. Batun tallafa bangayen da suka rage a tsibirin kafin su ma su kwanta, wannan ma yana nan.

Kafin duk wannan, ka fito ka gaya wa mutanen Sawakin matsayin waɗancan yarjejeniyoyi biyu: suna raye ko sun mutu, nawa ya shigo, kuma a hannun wa yake.

Wassalam,
Wani mazaunin Jihar Bahar Maliya