A zana mana yadda ake ɗaukar bokiti

Malam Edita,

Ni ungozoma ce a Gombe, kuma ciwon baya ya addabi matan da nake dubawa. Hoton da aka manna a asibitinmu na wata ce riƙe da tsintsiya mai dogon mariƙi, alhali matanmu a sunkuye suke shara.

Ina roƙon masu zane su shiga tsakar gida su kalli aikin. Ɗaukar bokiti sai an yi mata hoto uku: mace ta tsuguna, ta jawo bokitin jikinta, sannan ta miƙe da ƙarfin cinya, bayanta a miƙe. A zana ta daga gefe, don zani yana ɓoye gwiwa in ta gaba ne. Rubutun ya zama kaɗan, da boko da ajami.

Wata ungozoma,
Pantami, Gombe