Na Ɓoye wa Mai Sayen Gida Matsala Don Kada Hankalinsa Ya Tashi

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya saka maka da alheri kan wannan fili da muke ƙaruwa da shi. Ni dillalin gidaje ne a Kano, shekarata 12 a sana'ar, yawancin cinikina a Rijiyar Zaki da Ɗorayi. Wani ciniki da ke hannuna ne ya hana ni sakat.

Mai sayen dattijo ne, malamin firamare da ya ajiye aiki bayan shekara 35. Ya haɗa kuɗin sallamarsa da na wata gona da ya sayar, burinsa ya fita daga gidan haya kafin ƙarfinsa ya ƙare. Na samo masa gida, aka yi ciniki, aka sallama, ya ba da kafin alƙalami a gaban shaidu da mai unguwa. Tun daga ranar Baba bai sake samun sukuni ba. Ina fitowa daga sallar asuba zan ga kiransa, bayan isha'i ma haka. Ran nan na same shi a ƙofar gida, ya zaro takardar cinikin daga aljihu a cikin leda, tsabar buɗewa da ninkewa har ta fara yagewa. Ban ga laifinsa ba, don a gabansa aka sayar wa amininsa filin da ashe yana da masu shi biyu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

To ga inda gizo ke saƙa. Gidan na gado ne. Magada shida sun sa hannu, saura ƙanwarsu da ke aure a Damagaram, kuma lauya ya ce kada a cika kuɗi sai ta sa hannu ko ta aiko da takardar wakilci. Binciken da muka yi a KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jihar Kano, ya nuna takardar shaidar mallakar gidan sahihiya ce. Amma ko an gama biya, akwai neman amincewar gwamna kafin gida ya koma sunan Baba, kamar yadda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanada. Duk wannan ban zaunar da shi na warware masa tun farko ba. Kullum amsata ɗaya ce: "Baba, kwantar da hankalinka, komai na tafiya daidai."

Makon jiya ɗansa ya jiyo maganar ƙanwar nan a bakin 'yan unguwa. Baba ya kira ni, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, me ya sa ba daga bakinka na ji ba?" Wallahi Malam, har yau maganar nan tana cina.

Ba zan ɓoye maka ba, dalilina biyu ne. Yana da hawan jini, na ji tausayinsa. Sannan na ji tsoron ya janye in rasa la'adata. Na kuma san hadisin da ya ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, shi ya sa raina ya ƙi kwanciya.

Malam, yaya ake sanar da mai irin wannan fargaba labarin cikas ba tare da an ƙara firgita shi ba? Duk abin da ya taso zan riƙa gaya masa nan take, ko sai na samo mafita tukuna? Na yi tunanin rubuta masa matakan da suka rage a takarda, in kuma tsayar da rana biyu a mako da ni zan kira shi, ko da babu sabon labari, amma ina gudun ya ɗauka wata dabarar ce ta dillalai. Kuma in sa ɗan nasa cikin maganar, ko hakan zai zama kamar na raina dattijo?

Ranar Asabar na yi masa alkawarin zuwa gidansa, ban san da wace kalma zan fara ba.

Naka,
Wani dillalin gidaje, Kano