Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Bauchi kan riga-kafin sankarar bakin mahaifa a jami'o'i

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan lafiya ne masu aikin riga-kafi da kula da lafiyar mata. Abin da ya kawo mu shi ne ɗalibai mata na jami'o'inmu, daga Yelwa da Gubi har Gadau da Azare, waɗanda allurar riga-kafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ta tsallake.

Bauchi na cikin jihohin da aka fara allurar nan a watan Oktoba na 2023, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Madalla da wannan. Sai dai mafi yawan ɗaliban jami'a sun haura wannan shekaru, don haka wadda ke so sai ta saya da kuɗinta, in ma ta samu inda ake yi. Ɗalibar da ke lissafin kuɗin abinci da na mota ba za ta sa allura a gaba ba. Ga shi kuwa a 2020 kaɗai sankarar ta kama mata kusan 12,000 a Nijeriya, ta kashe kusan 8,000, kuma nau'in HPV na 16 da 18 da allurar ke karewa su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100.

Bayan kuɗi sai kunya, kuma ita ce babbar matsalar. Da zarar an ce ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar cutar, sai yarinya ta ja baya, tana tsoron a ɗauke ta 'yar iska. Alhali matar aure mai kamun kai tana iya ɗauka daga mijinta, shi kansa bai san yana da ita ba, ƙwayar ta zauna shiru shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, jini ya fara zuba ba lokacin al'ada ba. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa amfaninta ya fi yawa kafin aure. A gabatar da ita a matsayin shirin aure, kamar gwajin jinin da mutanenmu suka saba da shi. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa ba ta da tushe, amma ba takardar manne a bango ce za ta kawar da ita ba. Sai an zauna da iyaye maza da limaman masallatan jami'a da shugabannin coci, domin yawancin ɗalibai ba sa karɓar allura sai da izinin gida.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, jiha ta ware kuɗi a kai allurar asibitocin jami'o'i, a haɗa ta da gwajin lafiyar sabbin ɗalibai lokacin rajista. Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, mai shekara 15 zuwa 20 allura ɗaya ko biyu ta ishe ta. Daga 21 zuwa sama biyu ce, da tazarar wata shida. Mai ɗauke da HIV aƙalla biyu, uku in da hali. Mai juna biyu a jinkirta mata har ta haihu.

Wurin allura ta biyu ne mutane ba sa dawowa, domin wata shidan yakan faɗa cikin hutu ko yajin aiki. A ba kowace kati, a rubuta lambar wayarta, a yarda ta ƙarasa a asibitin garinsu.

Sai ajiya. Allurar na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma in ta daskare ta lalace ko da ba a ga alama a kwalba ba, saboda haka a sa firjin sola, a duba ma'aunin sanyi safe da yamma. Rabin mililita ake yi a damtse, sannan a zaunar da ɗaliba minti 15. Wasu kan ji jiri, kuma in ɗaya ta faɗi a layi, kafin magariba labari ya zaga ɗakunan kwana cewa allura ta kayar da mutum.

Muna jiran amsarka kafin rajistar zango mai zuwa. Allah Ya yi maka jagora.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Bauchi.