Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Ƙungiyarmu da Ciwon Ƙoda a Zangunan Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa.

Babban aikinmu na bana shi ne awon ƙoda. Ranar Ƙoda ta Duniya ta faɗo 13 ga Maris, ana tsakiyar azumi, sai muka mayar da awon zuwa bayan sallar asham a Aboabo da Asawase. Aka auna hawan jini da suga, aka duba fitsari. Iyayenmu mata sun fito sosai. Maza kuwa, sai a hankali. Da yawa cewa suke "ai lafiyata ƙalau", alhali ƙoda ba ta cika yin ciwo ba sai ta riga ta lalace. Waɗanda aka ga alama a jikinsu mun raka su asibitin Komfo Anokye.

A watan Mayu, taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba ya amince da ƙudurin da Guwatemala ta jagoranta, wanda ya sa ciwon ƙoda cikin cututtukan da gwamnatoci za su ba fifiko. An ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 850 a duniya. Mun karanta wa membobi ƙudurin da Hausa, amma mun gaya musu gaskiya: takarda ce, sai gwamnati ta sa kuɗi take aiki.

Nan gida Ghana, tun Disamban 2024 inshorar lafiya ta NHIS ta fara ɗaukar kuɗin wankin ƙoda. Sauƙi ne babba, ga wanda ya tuna ƙorafin da aka yi a 2023 kan tsadarsa. Sai dai wanki sau uku ne a mako, kusan awa huɗu kowane zama, ga kuɗin mota, ga allurar ƙarin jini, ga sana'a ta tsaya. Nan asusun taimakonmu ya fi tafiya. Shi ya sa kwamiti ya fi son a kashe sidi ɗaya wajen awo kafin a kai ga injin wankin ƙoda.

Mun kuma zaga majalisun 'yan acaba da tashoshin mota kan illar da ƙoda ke samu daga shan magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen kullum saboda gajiya, da jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san haɗinsu ba. An saurare mu, wasu da dariya.

Baɗi za mu kai awon ƙofar masallatai bayan Juma'a, inda mazan ba su da hanyar zillewa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taron Janairu.

Sakataren ƙungiya