Baje kolin ayyukan ɗalibai: a duba littafin awo kafin a duba ado

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu ɗan fili mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai, da shugabannin makarantu, da iyayen yara na nan arewacin Kamaru. Tun 2018 manhajar firamare ta ƙasar nan ta ce a riƙa ba yara aikin da za su yi da hannunsu, su koyi lissafi da kimiyya da harshe a cikinsa, daga baya su nuna wa jama'a. Tsarin ba shi da laifi. Yadda ake aiwatar da shi ne ke damun mu.

Duk wanda ya taɓa zagaya teburan ranar baje koli ya san abin da ake jerawa: gidan kwali mai ƙwan fitila, motar waya, da injin ban ruwa wanda ko makaho ya shafa ya san hannun mai walda ne. Yarinyar da aka tsayar a gefe za ta rero bayanin da ta haddace da Faransanci. Ka katse ta da tambaya ɗaya, sai ta koma daga farko. Laifin ba nata ba ne. Ana sanar da malami saura mako guda baƙi su zo, shi kuma ya ce kowa ya kawo abu daga gida, uba mai hali ya biya kafinta, ɗan talaka ya zo hannu rabbana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin da zai koyar da yaro yana farawa ne da tambayar da yaron bai san amsarta ba. Ga misali da ya dace da ajin CM1 ko CM2, wato aji biyar ko shida na firamare, a Garwa ko Marwa: kwana nawa tumatir zai yi bai ruɓe ba a cikin tukunyar sanyi, kwana nawa kuma a cikin kwando? Tukunyar sanyi ita ce dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa ta Najeriya, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Yaranmu sun riga sun san rabin sirrin, domin kowa ya sha ruwan randa.

Mako huɗu ya isa. A makon farko a raba aji rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas, kowane da aikinsa: mai awo, mai rubutu, mai ban ruwa, mai zane, mai kula da kaya. Idan rukuni ya wuce haka, biyu ne ke aiki, saura 'yan kallo ne. Kowane yaro ya tambayi mai sayar da kayan miya a unguwarsu yadda take adana tumatir da abin da take zubarwa, sannan ya rubuta hasashensa a shafin farko, da kwanan wata, kafin a taɓa tukunya.

Mako na biyu a haɗa. Tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ta yadda idan aka saka ƙaramar zai rage tazarar santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe. A zuba yashi a gindin babbar har bakin tukwanen ya zo daidai, a cike gefen da yashi, a zuba ruwa a hankali har yashin ya ƙoshi amma kada ƙaramar ta taso. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumman auduga, a ɗora a kan duwatsu uku a inuwar da iska ke ratsawa. Yashin rafi mai ɗan tsakuwa ake so, irin na bakin Binuwai ko mayo Kaliyawo, a wanke shi tukuna. Mai laka yana toshe ƙofofin jikin tukunya. Tumatir ashirin daga hannun mai sayarwa ɗaya, rana ɗaya, nuna ɗaya: goma a tukunya, goma a kwando kusa da ita. Wannan kwandon shi ne mafi yawan malamai ke mantawa, alhali in babu shi babu abin da za a gwada sakamakon da shi.

Daga nan sai awo, kwana goma zuwa goma sha huɗu, kuma a nan ne karatun yake. Sau uku a rana, da shigowa aji, da tsakar rana, da kafin tashi, a rubuta zafin cikin tukunya da na waje, da litar ruwan da aka ƙara, da adadin tumatirin da ya yi laushi. A kula, ma'aunin zafin jiki na kantin magani ba zai yi ba, domin ba ya sauka ƙasa da digiri 32 ko 35. Na bango ake nema, kuma guda biyu sun ishi aji duka idan ana karɓa-karɓa. Da waɗannan lambobin malami zai koyar da ragi, da matsakaici, da kaso cikin ɗari, ba sai ya ƙirƙiro lissafin mangwaron da babu shi ba.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Na farko ado: ana gobe baje koli sai wani ya shafa wa babbar tukunya fenti don ta yi kyau, fentin ya rufe ƙofofin da ruwa ke tsattsafowa, sanyi ya ɗauke. Ruwan da ke bushewa daga jikin tukunya shi ke tafiya da zafi, kamar yadda zufa ke yi wa mutum. Sai kulle ta a aji don tsoron awaki, inda iska ba ta motsi. Sai Asabar da Lahadi, yashi ya bushe ƙayau saboda ba a ɗora wa kowa ban ruwa ba. A ba yara biyu na kusa da makaranta wannan aikin, da sanin iyayensu. Lokaci ma yana da nasa: a watan Satumba iska na ɗauke da laima, bambancin zai fito kaɗan. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin hunturu da farkon bazara, shi ne gaɓarsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kada a yage shafin. A rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru. Rukunin da tumatirinsa ya ruɓe a kwana na biyar kuma ya iya faɗin dalili ya fi wanda ya kwafi lambobin maƙwabta nesa ba kusa ba.

Maganar maki. Tunda a kan 20 muke bayarwa, shawararmu ita ce 8 ga littafin awo, 6 ga amsa tambaya da baki, 4 ga yadda aka raba aiki, 2 kacal ga kyan gani. A karanta wa yara da iyaye wannan rabon tun ranar farko. Uban da ya ji cewa ado maki biyu ne ba zai je wurin kafinta ba. Kuɗin tukwane da ma'auni kuwa su fito daga asusun ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE, don kada aljihun gida ya shiga tsakanin yara.

Ranar baje kolin kanta a guji makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu, lokacin hankalin kowa na kan atisayen fareti, a kuma guji zango na uku da 'yan CM2 ke fama da shirin CEP, jarrabawar kammala firamare. Ƙarshen zango na biyu ya fi. A fara ƙarfe takwas a tashi kafin sha ɗaya, don wanda ya san zafin ranar Garwa a watan Maris ba sai an yi masa bayani ba. Jawabi ɗaya ya wadatar. Sau da yawa manyan baƙi na cinye awa biyu a kan lasifika, su ratsa teburan cikin minti goma, yara na tsaye tun safe.

A kowane tebur a buɗe littafin awo a gaba, jadawalin zafi a jikin kwali a baya, tukunya da kwando a tsakiya da ainihin tumatirinsu, har da ruɓaɓɓen. Alƙalin da ke ba da maki shi zai nuna yaron da zai amsa, ba rukuni ne zai turo gwaninsa ba. Tambayoyin su zama waɗanda ba a haddacewa: wace rana ce bambancin ya fi yawa, me ya sa? Idan aka kai tukunyar nan Duwala za ta yi aiki kamar nan? A bar yaro ya yi wa alƙali bayani da Faransanci, ya juya ya yi wa kakarsa da Hausa ko Fulatanci. Mun fi amincewa da bayani na biyun, don ba a rubuta masa shi a allo ba.

Bayan an watse kada a jibge tukwanen a bayan ofis. A ajiye su tare da littattafan, ajin baɗi su maimaita awon a watan Oktoba da yalo ko tattasai, su gwada lambobinsu da na Maris ɗin bana.

Wassalam.

Wasu malaman firamare,
Garwa, Kamaru.