Sanarwa kan bareyin bayan fadama

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Bareyin nan da muka shekara 4 muna leƙe a bayan fadama sun ƙaru. Jiya da sassafe na hango uwar, mai karyayyen ƙahon nan, tana lasar sabon ɗa a gindin ƙirya, ƙafafunsa ko tsayuwa ba su iya ba. Sai dai a hanyar dawowa na tsinci tarkon waya har biyu, abin ya ɓata min rai.

Don haka mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Kowa ya ja kunnen yaransa: ba tarko, ba sakin karnuka, ba cinna wa daji wuta. Mai hotunan bara ya zo da su.

Allah ya bar zumunci. Na gode.