An 'yanta su, an hana su gona

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara idan 19 ga Yuni ta zagayo, akan ba da labarin ranar da sojojin gwamnatin tarayyar Amurka suka isa Galveston ta jihar Texas a 1865 suka sanar da bayi cewa sun 'yantu. Labarin yakan tsaya nan, sai mai karatu ya ɗauka daga ranar kowa ya kama gabansa. Ina roƙon fili in yi bayani a kan gona, domin mutum kusan miliyan 4 aka 'yanta, aka kuma bar su ba ƙasar da za su noma.

An fara ba su, sannan aka karɓe. A Janairun 1865, ana cikin yaƙin basasa tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu masu bayi, Janar Sherman na sojan tarayya ya ware bakin teku tun daga birnin Charleston har arewacin Florida, ya ce a ba kowane gida eka 40. Kusan mutum 40,000 suka zauna suka yi shuka. Da aka kashe Shugaba Lincoln a Afrilu, magajinsa Andrew Johnson ya yafe wa masu tawayen Kudu, ya ba da umarnin a mayar musu da gonakin kafin shekarar ta fita. Kuma ba ƙasa ce ta yi wa gwamnati ƙaranci ba. Dokar 1862 tana ba mai ƙaura zuwa Yamma eka 160, kamfanonin jirgin ƙasa kuma sun sami fiye da eka miliyan 100, yawancinta an ƙwace ta daga 'yan asalin nahiyar.

To mai gona ba shi da kuɗin biyan lada, wanda aka 'yanta kuma ba shi da gona. Daga nan noman rabo ya samo asali. Mai gona zai yanka wa gida ɗaya eka 20 zuwa 40, ya ba da bukka, alfadari, garma da iri, a raba amfani biyu. Idan manomi yana da nasa alfadarin da kayan aiki, mai gona zai ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na auduga da ɗaya cikin uku na masara.

A takarda ba laifi. Matsalar tana wajen ci kafin kaka. Daga shuka a watan Afrilu zuwa tsinke a Satumba da Oktoba, gidan ba shi da ko anini, sai ya ci bashin garin masara, naman alade mai gishiri da yadi a kantin ƙauye, wanda sau da yawa na mai gonar ne. Farashin bashi ya fi na kuɗi hannu nesa ba kusa ba, ga ruwa a kai, kuma jinginar ita ce amfanin da bai ma tsiro ba. Wanda ya san falle a ƙauyukanmu zai gane tsarin nan take. Mai kanti ba ya karɓar jinginar masara ko dankali, auduga yake so, domin ba ta ruɓewa kuma ba a cinye ta. Kowa ya koma auduga, ƙasa ta gaji, farashi ya yi ta faɗuwa har laba ta koma ƙasa da centi 6 a 1894. Bayan an gurje auduga an sayar, mai gona ne ke riƙe da littafi, manomi kuma galibi bai iya karatu ba, tunda dokokin jihohin Kudu da yawa sun hana a koyar da bawa. Musun lissafin Bature yana iya jawo kora ko kisa. Sai a ce masa da saura, bashin ya tsallaka baɗi, shi ma ya tsaya.

Wanda ya bar gona kuwa, wata doka na jiransa. Gyaran tsarin mulki na 13, na Disambar 1865, ya haramta bauta amma ya ware wanda kotu ta kama da laifi. Tun a shekarar, jihar Mississippi ta wajabta wa baƙar fata ya nuna takardar shaidar aiki kowace Janairu, in babu a kama shi da laifin yawon banza. Gwamnatin tarayya ta rushe irin waɗannan dokoki, amma bayan 1877, da Shugaba Hayes ya janye hannun soja daga harkokin Kudu, suka dawo da sabon salo. A ci mutum tarar da ba zai iya biya ba, sai hukuma ta ba da hayarsa ga kamfani.

A nan ne bunƙasar masana'antu ta haɗu da wannan zalunci. Birmingham ta Alabama, wadda aka kafa a 1871, ta girma da ƙarfe da kwal, kuma fursunonin haya na cikin masu haƙar kwal ɗin. Mai bawa yakan kula da lafiyarsa don dukiyarsa ce. Mai hayar fursuna in ya mutu wani za a kawo masa. A Afrilun 1911 mahaƙar kwal ta Banner da ke kusa da birnin ta fashe ta kashe mutum 128, mafi yawansu fursunoni baƙar fata. Alabama ba ta daina wannan haya ba sai 1928.

Na gode.

Wani malamin tarihi,
Zariya